Agogon Inuwa na Uku

Shekara talatin da huɗu Safiyo ya yi yana auna filayen mutane, amma agogon inuwa ƙwaya ɗaya da ya yi wa matarsa alkawari ya gagare shi. Na farko na katako ne, gara ta gama da shi a damina biyu. Na biyu na baƙin ƙarfe ne, tsatsa ta cinye lambobinsa ta bar uku da huɗu kawai. Matar tasa, Malama, ta ce sun ishe ta, tunda dama lokacin take tashi daga barcin rana.

Yanzu ya yi ritaya, ita kuma idonta ya fara dushewa. Likita ya yi dogon bayani wanda taƙaicensa shi ne ganin ba zai ƙaru ba. Washegari Safiyo ya sayo faifan alminiyum mai faɗin tire. So yake ta karanta lokaci a kai da idonta tun idon yana iyawa.

Mako shida ya yi yana lissafi da sassaƙa layuka, sannan ya naɗe faifan a tsohon bargo ya kai masana'antar da autarsu ke aiki. Ita ce mai kula da tankuna. Wurin yana da sanyi da warin ruwan batir, ga injin sanyaya ruwa yana gurnani a kusurwa, ga jan layi a ƙasa wanda baƙo ba ya ƙetarewa. Safiyo ya ƙetare.

Auta ta janyo shi baya, ta yi masa bayani tana sa safar roba. Za a rataye faifan cikin asid mai tsananin sanyi, a sakar masa wutar lantarki, ƙarfen ya tsiro da ɓawo daga jikinsa, mai taurin da ruwa da rana ba sa iya ci. Ta tambaye shi kaurin da yake so. Ya ce mafi kauri. Ta ce irin wannan ƙarfen, yana ƙara kauri yana ƙara duhu. Ya ce ba gasar kyau zai kai shi ba.

"Baba, inuwa fa za a karanta a kai."

"Inuwa ta san aikinta. Ke dai yi naki."

Ya ƙara da tuna mata wanda ya fara koya mata riƙe ma'auni. Auta ta yi yadda ya ce, da irin biyayyar da 'ya'ya ke yi idan suna son uba ya gane wa idonsa.

Faifan ya fito baƙi kamar gindin tukunya. Safiyo ya karce shi da makullin mota, ko alama bai bari ba, ya ji daɗi har cikin ransa. Ramin da za a kafa tsinken inuwa ya tsuke saboda ɓawon da ya tsiro a ciki, ya goge tsinken da zarto ya cusa, bai gaya wa kowa ba. Ya dasa agogon a kan ginshiƙin siminti a tsakar gida, ya daidaita shi da arewa, sannan ya kira Malama.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce goma da rabi, kuma goma da rabin ce. Kwana uku tana wucewa tana faɗin lokaci daidai, shi kuma yana yawo a gidan kamar wanda ya ƙera ranar da kansa.

Rana ta huɗu ya cire tsinken don ya gyara zamansa, ya shiga ɗaki neman sukundireba. Yana fitowa ya tarar da ita a gaban faifan, ta sunkuya, tana cewa sha biyu saura kaɗan, kai wannan agogo akwai gaskiya. Tsinken yana hannunsa. Ya dube shi, ya dube ta.

"Malama, da me kika karanta?"

Ta ɗago ta ga abin da yake riƙe da shi. Ba ta tsaya musu ba.

"Da kunne. Makarantar bayan gidan nan ba ta daina kaɗa ƙararrawa don na bar koyarwa ba." Ta shafa gefen faifan. "Baƙi a kan baƙi ne, Baban Auta. Tun ranar farko ban ga komai ba. Na dai ga ka wahala."

Ya koma wurin Auta ya ce a cire ɓawon. Ta ce ana iya cirewa, amma sinadarin da zai narkar da shi zai haɗa da siraran layukan da ya yi mako shida yana sassaƙawa. Ba ta ce ai ta faɗa masa ba. Shayi kawai ta yi masa tayi har sau biyu, wanda a wurinsa ya fi faɗar zafi. Daga baya ta ce ya shafa farin fenti a zagayen da inuwa ke sauka, ya bar lambobin da baƙinsu. Ya ce fenti yana ɓarewa. Ta ce ƙwarai, bayan shekara ɗaya ko biyu, sai ya sake shafawa. Ya fito yana ƙunƙuni, wai abin da zai shekara ɗari shi za a haɗa da gwangwanin fenti. A hanya ya tsaya ya sayi gwangwanin, da buroshi mafi siriri a shagon.

Ranar Asabar ya yi aikin, ranar da babu makaranta balle ƙararrawa. Malama ta jawo kujera ta zauna kusa, tana gyara masa abin da ba ta gani, tana gaya masa cewa numfashinsa ya yi ƙarfi. Ya zagaye kowace lamba a hankali, harshe a waje. Da ya gama ya mayar da tsinken, inuwa ta kwanta a kan farin, siririya, baƙa wuluk.

Ta tashi ta sunkuya. Wannan karon ba ta daɗe ba.

"Ga ta nan. Ta ɗan wuce tara."

Kafin ya hana ta, ta ɗora yatsa a wurin. Fentin bai bushe ba. Zanen yatsan ya zauna ɗas tsakanin tara da goma. Ta ce ai da ya faɗa mata, ya ce ai da ta tambaya. Ya ɗauko buroshi zai shafe, ya tsaya yana duban wurin, sai ya mayar da buroshin cikin gwangwani. Ya ce fentin ya fara kamawa, taɓa shi yanzu ɓata shi ne. Sai dai baɗi.