Bugu na Biyar

Ni fa ban taɓa cewa na iya ba. Da wannan nake so in fara, domin duk wanda zai ba ku labarina a unguwarmu Romi daga tsakiya zai ɗauko.

Sunana Gideon, sana'ata walda, ƙofofi da tagogi nake haɗawa kusa da tashar keke. Amma in ka shigo unguwa kana cigiyar Gideon mai walda, sai ka sha yawo. Ka ce Na-Biyar, mai tallan lemo ma za ta raka ka har shago. Sunan ya samo asali ne shekara takwas da suka wuce, a wasan ƙarshe na kofin Kirsimeti da unguwannin ƙetaren kogi suke bugawa. Mu da Barnawa ne, aka tashi canjaras, aka tafi bugun fenareti. Wanda ya kamata ya buga mana na biyar cikinsa ya ɗuri ruwa, ya ce cinyarsa ta riƙe, aka turo ni don ni ne a kusa. Na ruga da niyyar aika ta dama, sai ƙafata ta hagu ta taka wata ledar fiya-wata da ke kwance cikin yashi, na zame, na zauna daɓas. Ƙwallon ta yi hagu tana birgima a hankali, gola kuwa ya riga ya faɗa dama. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, muka ɗauki kofi.

Bayan wannan sau uku aka sake kai mu ga fenareti a irin wasan da in ka faɗi ka fita, kuma duk ukun na ci. Ɗaya ta daki turke, ta daki bayan gola, ta shiga. Ɗaya gola ya taɓa ta kufce masa. Ɗayar ce kawai zan iya ɗaga kai in ce ni na buga ta. Huɗu cikin huɗu ke nan, kuma daga nan ban sake zama mutum irin kowa ba.

Da abin a filin ƙwallo ya tsaya, da da sauƙi. Ina cikin walda sai in ga uwa ta tsaya a kaina da biron 'yarta, wai gobe jarrabawa, in taɓa mata. Ranar bikin godiya a coci ni ake kira in zaro takardar ƙuri'a. An taɓa ɗaukata zuwa neman auren da aka yi sau biyu ana koro 'yan nema, aka zaunar da ni a kujerar gaba ban san ango ba, ban san amarya ba, don rashin sa'ata kuma aka ba su. Kowa na ganin daɗi nake ji. Ni kuwa da Nuwamba ta kama abinci ya daina shiga, in kwana ina tunanin ranar da zan zubar, da irin kallon da mutanen nan za su yi mini. Na tsani sunan nan, na faɗa, na ƙara faɗa.

Kada a ce ban nemi hanyar fita ba. Na je har Kakuri na sami Oga Cyril a shagonsa na kayan mota, shi ne kocinmu, shi ne kuma mai saya mana riguna, na ba shi labarin leda tiryan-tiryan. Ya yi dariya har da buga kanta, sannan ya tambaye ni: mutum ashirin da biyu a fili, me ya sa ledar ba ta kwanta ƙarƙashin ƙafar kowa ba sai tawa? Na ce na yi ritaya, aka turo mini dattawa uku da fasto. Wata shekara na gudu ƙauyenmu bayan Zonkwa ana jibi wasa, na kashe waya. Da safe ina shan kunu sai ga motar Oga Cyril a ƙofar gida, tsohuwata da kanta ta ɗauko mini takalmi.

Mutum ɗaya ce a duk Romi ta yarda da ni, matata Damaris. Lissafi take koyarwa a makarantar da muke atisaye a filinta, kuma in an tashi takan zauna gindin dogonyaro tana duba littattafan yara tana kallonmu. Ashe a bayan wani tsohon littafi tana ja mana layi, wanda ya ci fenareti a atisaye da wanda ya zubar. Cikin sittin na ci talatin da takwas. Ekene, makanikin da ke buga mana gaba, ya ci hamsin da ɗaya. Ta ce duk mai ƙafa biyu yakan ci uku cikin huɗu, saboda haka in ka tara mutum uku ka ba kowa bugu huɗu, ba abin mamaki ba ne ɗayansu ya cinye duka. Ta ce huɗu ba ta isa a yi wa mutum shaida ba, ko ta kirki ko ta tsiya. In na dawo gida na ji wannan magana sai in ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Ba a bakinta kawai abin ya tsaya ba. Sau biyu tana zama jarrabawar ƙarin girma tana faɗuwa, matan layinmu suna ce mata tana da rijiya a gida tana sayen ruwa, ta ba maigidanta biro mana. Ta ce musu hannun da bai san tambaya ba ba zai san amsa ba. Ko sau ɗaya ba ta miƙo mini bironta ba, kuma Allah ya sani na ƙara sonta saboda haka.

Ta taɓa kai wa Oga Cyril littafin. Ya duba sama-sama ya mayar mata.

"Madam, atisaye na atisaye ne," in ji shi. "Wannan biro naki, e no dey hear crowd, ba ya jin ihun jama'a. Ranar da mutum dubu suke ihu, ƙafa ba ta bugu, zuciya ce take bugu."

Hujjarsa Ekene. Sau ɗaya tak Ekene ya taɓa buga fenareti a babban wasa, shekara shida baya, ya ɗaga ta sama. Tun ranar ake kiransa Ƙafar Atisaye, ba a sake ba shi ba. Kuma da yake doka ta ce sai wanda ke cikin fili lokacin da aka busa tashi ne zai yi bugu, Oga Cyril ya mayar da ita al'ada: in wasa ya doshi canjaras, ana saura minti ɗaya, sai ya cire Ekene ya sa ni. Ni an ɗaure ni da bugu huɗu, shi an ɗaure shi da ɗaya, kuma igiyar duk a hannun mutum guda take.

Bana na cika talatin da bakwai, gwiwata ta hagu ta fara kumbura in na daɗe a tsugune. Likita ya matsa nan ya matsa can, ya ce jijiyar ta sassauta, in bar ƙwallo in ina son tafiya da ƙafata. Na kai wa Oga Cyril takardar likitan da murnata. Ya tambaye ni da wacce nake bugu, na ce da dama, ya ce to ina ruwan hagu, taku biyar ne fa kawai. Muka kai wasan ƙarshe, mu da Gonin Gora, kashegarin Kirsimeti.

Da safen ranar ina ɗaure gwiwa da bandeji na gaya wa Damaris abin da na yanke. Na ce in aka zo kaina, da gangan zan zubar. Su zage ni wata guda, su jefi shago in sun so, amma su sake ni. Ta ci gaba da tattara takardun karatunta, don a Janairu za ta sake zama jarrabawar nan karo na uku.

"Baban Vicky, ba sai ka yi da gangan ba," ta ce. "Ka yi haƙuri, lissafi zai yi aikinsa. Wata rana dole ka zubar."

"Shekara takwas nake jiran lissafin nan naki, Maman Vicky. Bai zo ba."

Ta karɓi bandejin ta ƙarasa ɗaure mini.

Ƙarfe huɗu aka take wasa. Fili ya cika har kan katanga, 'yan ganga sun zo daga coci da kayansu, ni kuma ina kan benci ina addu'ar da ɗan ƙungiya bai kamata ya yi ba, wato a ci mu ko mu ci, kowanne ne, a dai gama cikin lokaci. Gonin Gora suka fara ci. Bayan hutu Ekene ya farke da wata ƙwallo mai kyau daga wajen da'ira. Daga nan wasa ya cije, kowa ya koma gida ya tsare. Tun ana saura minti goma jama'a suka fara kiran sunan nan, ana buga shi da ganga. Ana saura minti ɗaya Oga Cyril ya ɗaga hannu.

Ekene ya fito yana haki, rigarsa sharkaf. Da muka haɗu a bakin layi na kasa kallon idonsa. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in ci musu, kuma abin da ya fi ci mini rai, da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ma ya yarda da abin da ake cewa a kansa.

Aka fara bugu. Su ne a gaba, suka ci huɗu, na biyar ɗinsu golanmu ya ture. Mu ma mun ci huɗu, saura ni. Na yi lissafi a tsaye: in na ci mun ɗauki kofi, in na zubar ba mu faɗi ba, ci gaba za a yi. Na ce Ubangiji, ashe ka ji ni, ga ƙofa ka buɗe, ba wanda zan kashe. Na ajiye ƙwallo, na duba ƙasa da kyau, na kawar da wata 'yar leda da ƙafa. Bayan raga akwai rufin aji shida mai tsatsa, shi na zaɓa. Golansu, wani dogo mai suna Sam, yana ta tsalle yana tafa hannu, ni ko ta kansa ban bi ba.

Rafali ya busa. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar na kafa hagu na jingina baya don in ɗebe ta ta ƙasa, sai na ji ƙas a gwiwa, ƙafar ta lanƙwashe ƙarƙashina. Jikina ya rufto gaba, takalmi ya daki ƙwallon a ka maimakon ƙasa. Ina kwance fuskata cikin yashi na gan ta tana tafiya, shimfiɗe da ƙasa, zuwa kusurwar dama. Golan ya ga na jingina baya, ya yi sama. Ta wuce ƙarƙashinsa ta shiga.

Ban san adadin hannuwan da suka ɗaga ni ba. Ina ihu a sauke ni, ƙafata, ƙafata, su kuma suna ɗauka murna nake, suna amsa mini. Sau biyu aka zaga fili da ni, ƙafar tana lilo, kowane tsalle sai na ga wuta. Ekene ne ya lura, ya kutsa yana ture mutane har aka ajiye ni. Ko da ake cusa ni cikin keke-napep za a kai ni asibiti, wata mata ta miƙo hannu ta shafi takalmina.

Jijiya ta tsinke, aka yi aiki. Kwana biyu bayan nan Oga Cyril ya zo asibiti da kofin da kwalin lemo, ya ajiye kofin a kan gadona aka ɗauki hoto. Na ce masa da gangan na so zubarwa, rufi na nufa. Ya juya ya kalli waɗanda suka rako shi, ya ce kun ji ko, mutumin da ko ya so zubarwa ba ta zubuwa. Sannan ya tambayi nas wata nawa ake warkewa. Ta ce tara, in an bi doka. Ya shiga lanƙwasa yatsu daga Janairu, ya tsaya a Satumba, fuskarsa ta washe.

"Ka ga aikin Allah," in ji shi. "Har da ragowar wata uku na hutu."

Na waiwaya wajen Damaris. Nan ne wurin da takan gyara zama ta ce Oga Cyril, ka ji tsoron Allah. Amma yau tana zaune kan kujerar roba da jakarta a cinya, idonta na kan kofin.

Da suka watse na ce mata ta faɗa mini lissafin nan, ina bukatar in ji shi. Ta ce biyar cikin biyar ma yana faruwa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Daidai ta faɗa, amma muryar ba ta da ba ce. Ta zuba mini ruwa, ta gyara matashi, ta tsaya tana murza hannun jaka. Can ta ce na san dai ranar Litinin ta sama ce jarrabawa, kuma in ta faɗi wannan karon sai bayan shekara biyu.

"Na san ba komai ba ne," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Na sani sarai. Amma ai ba zai rage komai ba."

Ta zaro biro shuɗi, sabo, ta miƙo mini.

Na daɗe ina kallonsa. Ƙafata na rataye, ba inda zan je, kuma ba sauran wanda zan kai wa ƙara. Na karɓa, na riƙe shi a tafin hannu kamar yadda nake riƙe wa 'ya'yan mutane, na mayar mata. Ta ce ta gode, ta sa shi a aljihun jaka na ciki, ta ja zif.