Rariya a Katangar Alhaji Lukman

Tsagewar ta faro ne daga gindin ƙofar falo, ta ratsa dandamalin tsakar gida kamar jijiya a bayan hannun tsoho, ta bi ta ƙarƙashin rumfar motoci, ba ta tsaya ba sai a bakin ƙofar shiga. A wani wurin siririya ce kamar zare, a wani wurin kuwa yatsa yana nutsewa. Mato ya yi bismilla, ya durƙusa, ya zura hannu ta inda kankaren ya ɗaga, ya ɗebo abin da ke ƙarƙashinsa. Baƙar laka ce mai danƙo.

Mato birkila ne, dattijo, daga Karmo yake zuwa kowace safiya da cokalin gininsa da igiyarsa a cikin buhu. Ya san irin wannan ƙasa. Idan damina ta sauka sai ta sha ruwa ta kumbura, ta tura duk abin da aka ɗora mata sama. Idan rani ya yi sai ta bushe ta tsuke, ta bar rami, kankare ya rasa abin dogaro ya karye. Haka Ubangiji ya halitta ta, ba ta taɓa yaudarar kowa ba.

"Laka ce, ranka ya daɗe," ya ce wa mai gidan.

"Na sani," in ji Alhaji Lukman, yana jan carbi. "Injiniya ya faɗa mini. A fasa, a kwashe lakar, a cika da jar ƙasa, a kore ruwa daga gindin gida. Abin da nake so a wurinka shi ne sauri. Ɗana ya sauke, walima tana tafe, kuma a nan malamai za su zauna."

Mato ya yi murna da jin haka har cikin ransa. Aikin da mahaddata za su zauna a kansa ba ƙaramin rabo ba ne ga mai yinsa. Ya kawo leburori, aka fasa tsohon kankare, aka haƙe lakar har gwiwa, aka zuba jar ƙasa kashi-kashi, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, aka shimfiɗa rodi. Ɓaraguzan kuwa, Alhaji ya ce a riƙa jefa su ta bayan katanga. "Jeji ne," ya ce. "Babu kowa."

Sai aka zo kan gangare, wato ɓangaren da za a karkata dandamalin domin ruwa ya bi. Mato ya so a karkata shi gaba, a yanka kwata ta ƙarƙashin ƙofar shiga ta haɗu da babbar kwatar titi. Alhaji ya ce a'a. Yanka ƙofar shiga aiki ne da ba zai bushe kafin walima ba. A karkata baya, a huda rariyoyi a gindin katanga, ruwa ya fita jeji.

To, Mato yana da wata ɗabi'a da ya gada daga maigidan da ya koya masa aiki, Allah ya jiƙansa. Ba ya ɗaure igiyar gangare sai ya zuba ruwa ya bi shi da ƙafa, ya ga inda ya kwanta. Leburorinsa sun saba, har dariya suke yi masa a kan haka. Ya huda ƙaramar rariya ɗaya, ya tuttula bokiti, ruwan ya sulale ya ɓace. Ya sa takalmansa ya fita.

Hanyar zuwa bayan gidan ba ta kusa ba ce. Sai da ya fita unguwar ta wajen masu gadi, ya bi gefen doguwar katanga, ya gangara wata siririyar hanya mai ciyawa. Da ya sha kwana sai ya tsaya cak.

Ɗakuna ne jere, na tubalin laka, an shafa musu siminti sama-sama, an danne kwanon rufinsu da duwatsu. Ga shanya, ga murhu, ga kaji. Ɓaraguzan da leburorinsa suka jefo sun tare rabin hanyar wucewa, wani dunƙule ya lotsa bakin wani kwano. Tsakanin katangar Alhaji da bangon ɗakin farko, mutum zai iya miƙa hannu ya taɓa duka biyun. A nan ya tarar da ruwansa, kwance a gindin bangon, lakar tana shanye shi.

"Ehen! Baba, kai ne mai jefo mana dutse?"

Wata mata ce ta fito, ɗaure da zani, hannunta duk ƙullun ƙosai. Sunanta Monica, ita ce mai ɗakin.

"Ni ne, 'yata. An ce mini jeji ne."

"Jeji? To sannu da zuwa jeji. Ga birai nan muna gaishe ka." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Jiya saura kaɗan ya fasa mini kasko. Yanzu kuma ruwa ne? Zo ka gani."

Ta ɗaga labule. A jikin wannan bangon dai aka jingina gado, kuma a kan gadon wata tsohuwa ce kwance, rabin jikinta ya shanye. Ta ɗaga hannun da ke motsi ta gaishe shi. Mato ya amsa, ya dubi gindin bangon daga ciki. Har danshi ya fara nunawa, daga bokiti ɗaya tak. Ya tuna faɗin rufin gidan Alhaji, da faɗin dandamalin, da famfon alwala da ake shirin kafawa, ya tuna irin ruwan da ake yi a Abuja idan damina ta kankama.

"Mamana ce," in ji Monica. "Ɗaki ɗaya ne, ba inda zan juya gadon. Baba, ka gaya wa oga, mutane ne a nan."

Mato ya sami Alhaji bayan azahar, zaune a kan darduma. Ya jira ya shafa addu'a, sannan ya tsuguna ya faɗi abin da idonsa ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba.

"Na san da su," in ji Alhaji.

Mato ya ɗaga kai. Da a ce Alhaji ya ce bai sani ba, da abin ya zo da sauƙi.

"Ranka ya daɗe, ka ce mini jeji ne."

"A takardar gwamnati jeji ne. Wa ya ba su fili? Yau ko gobe za a share su."

"Kafin a share su, bangon zai zauna a kan tsohuwa. Tubalin laka ne. Ka bar ni in yanka kwatar gaba. In bai bushe ba, sai in shimfiɗa katako mai kyau, a rufe shi da kafet, baƙi su wuce."

"Manyan mutane su taka katako a ƙofar gidana? Mato, aiki na ɗauke ka."

"Maƙwabtanka ne, Alhaji."

"Maƙwabcina na dama tsohon alƙali ne, na hagu likita. Kowace salla ina aika musu da cinya. Waɗancan ko alƙibla ba mu haɗa da su ba."

 Mato ba shi da zurfin karatu, amma ya zauna gaban malamai, ya ji yadda aka tsananta haƙƙin maƙwabci, har aka rataya cikar imani a kan amincinsa daga cutarwarka. Bai taɓa jin an ce sai mai takardar fili ba, bai taɓa jin an ce sai wanda kuka haɗa sahu ba. Ga mutum Allah ya ba shi ɗa mahaddaci, ya ba shi katanga mai tsawon da ba ya ganin abin da ke bayanta, sai ya ɗauka Wanda ya ba shi ma ba ya gani.

"Ranka ya daɗe, zo mu zagaya tare. Ka leƙa ɗakin kawai."

"In bar gidana in shiga bola? Ka ɗaure igiyarka yadda na ce, ko ka ba wani wuri."

Mato ya koma kan aikin ya tsaya a gaban turakun da ya kafa. Shaiɗan ya zo masa da shawara mai kama da alheri. Kaurin yatsa ɗaya kawai zai ɗaga igiyar ta baya, ido ba zai gane ba, ruwa ya juyo gaba ya taru a ƙofar falon Alhaji. Ya daɗe yana kallon igiyar. Amma an ba shi amanar dukiyar mutum ne, kuma bai ga yadda zai kare wata da ha'intar wani ba. Ya yi ta'awwuzi, ya kwance igiyar, ya naɗe ta a gwiwar hannunsa. Ya kwaɓa ɗan siminti ya toshe rariyar da ya huda da hannunsa, ya shafe ta sumul, ya wanke cokalinsa.

"Baba, da gaske tafiya za ka yi?" wani lebura ya tambaye shi. "Ko ka tafi wani zai huda."

"Zai huda. Amma ba da hannuna ba."

Haka kuwa aka yi. An kawo wani birkila daga Masaka, ya zuba kankaren, ya yanka layukan da ke ba shi damar motsi idan ƙasa ta motsa, ya goge shi har yana sheƙi. Aiki ne mai kyau, Mato da kansa ya yarda da haka da ya leƙa ta ƙofa. Rariyoyin kuwa a jere suke a gindin katangar baya, kowace an sa mata ɗan bututu.

Ranar walima Mato ya zo da diga da shebur, bai bi ta ƙofar gaba ba. Tun hantsi ruwa ya fara fitowa, ba daga sama ba. Ruwan wanke tukwane ne, da na wanke nama, da na alwalar baƙi, yana tsiyaya ta bututun da ƙwayoyin shinkafa da maiƙo a samansa. Gindin bangon Monica ya riga ya yi duhu har kamu guda. An fito da tsohuwar an kwantar da ita a kan tabarma a inuwar wata bishiyar mangwaro.

"Baba jeji, ka dawo?" in ji Monica. "Na ji an kore ka."

"Ni na tafi."

"Duk ɗaya ne, ba ka ci shinkafa ba."

Ya shiga matsattsen lungun ya fara haƙa. Ya yanka 'yar kwata a ƙarƙashin bututun, ya karkata ta nesa da bangon, zuwa wani kwazazzabo da ke can ƙasa. Monica da wasu maza biyu daga ɗakunan suna ɗauko masa ɓaraguzan tsohon kankaren Alhaji, yana jera su a cikin kwatar da gefenta, santsin a sama. Dunƙulen da ya lotsa kwano shi ya dace da kwana. Da ya fasa bakin ƙarshe, ruwan ya yi jim, sannan ya juya ya bi hanyar da aka yi masa.

"Zai riƙe?" ta tambaye shi.

"Zai riƙe wannan." Ya dubi gabas, inda gizagizai suka fara haɗuwa. "Na damina kuwa, sai mun ƙara zurfi, mu ɗaure gindin bangon da siminti. Allah ne mai tsarewa."

Ta bayan katanga lasifika ta ɗauka. Muryar yaron ce, mai daɗi, tana fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Mato ya jingina da shebur ya sunkuyar da kai, domin karatun ba shi da laifin kowa, kuma girmama shi wajibi ne ko daga cikin kwata. Bayan an kammala, wani malami ya shiga addu'a. Ya roƙa wa mai gida ƙarin buɗi, ya roƙi Allah ya tsare wannan gida da abin da ke cikinsa, ya kare shi daga sharrin ruwa da wuta da maƙiya.

"Amin," in ji Monica, tana yarfe laka daga hannunta. Daga kan tabarma tsohuwar ma ta ce amin, da rabin bakinta.

Mato ya buɗe baki, kalmar ta tsaya masa. Ya nemi gafarar Ubangijinsa a zuci.

La'asar ta yi. Bai zo da buta ba. Monica ta ɗebo masa ruwa mai tsabta daga duronta a cikin kofin roba, ta shimfiɗa masa wankakken buhu, ta tambaye shi ina ne gabas ɗinsu. Ya karɓa ya yi godiya. Bai tsuguna a nan ba. Ya ɗauki kofin ya wuce ta gaban ɗakinta, ya wuce na kusa da shi, har bakin kwazazzabon. A can ya yi alwalarsa, a hankali, yana tattala ruwan. Da ya gama bai miƙe nan da nan ba, sai da ya bi ɗan abin da ya zuba da ido, ya ga inda ya kwanta.