Maganin Inna Hindatu

Hindatu ba don kanta ta je matarnitin Magariya, asibitin haihuwa, ba. Ta raka Rukaiya ne, matar ɗanta Ayuba, tun daga Guci. Da ungozomar ta gama duba Rukaiya, sai ta leƙo ta ce, "Inna, ke ma shigo."

"Ni ai ba ni da mahaifa. Shekara tara ke nan da aka cire ta."

"Mahaifar aka cire, hanyarta tana nan. Ita ma tana son dubawa."

Ungozomar ta shafa mata ruwan binegir, mai tsamin nan, ta haska fitila, ta ga farin tabo biyu can ciki. Ta tura ta Damagaram, aka tsinki ɗan nama aka auna. Likitar can ta ce ba ciwon daji ba ne, amma in an bar shi yana iya komawa haka. Ta ba ta wani man shafawa da ɗan siririn bututu, a riƙa zura shi ciki sau uku a mako.

Hindatu ta amsa da "to", ba ta ce komai game da hannuwanta ba. Sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwashe mata yatsu, ko tatsar nono ta bari. Sau biyu ta gwada, bututun yana suɓucewa. 'Ya'yanta mata kuwa duk suna aure a Najeriya. Sai ta tura maganin cikin ƙwarya ta rufe da faifai.

A can Rukaiya ta tarar da shi bayan mako guda. Shekara bakwai suna gida ɗaya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta sosai ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Inna, in kin yarda, ni zan riƙa sa miki."

"Wannan ba aikinki ba ne, yarinya."

"Ranar da na haifi Hafsat, ke kika wanke ni."

Hindatu ta dubi yatsunta. Daga baya ta kwanta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hannun Rukaiya da ɗumi, ashe sai da ta gasa shi a murhu kafin ta shigo. Tana yi tana ba ta labarin tinkiyar maƙwabta da ta cinye musu zogale, har Hindatu ta ji dariya ta kufce mata a ƙarƙashin mayafin.

Maganin yana da zafi, wasu ranakun har da zazzaɓi. Rukaiya ba ta tsallake rana ɗaya ba. Bayan wata huɗu likita ta duba ta ce tabon ya ɓace, su dawo randebu a sake dubawa bayan wata shida.

Da suka iso gida, Hindatu ta kira Ayuba bakin garke, ta nuna masa jar karsanarta.

"Daga yau ta Rukaiya ce."

"Me ta yi, Inna?"

"Ba ruwanka. Ka dai ɗaure ta a turken matarka."