Zaren Baba a Sheƙar Tela

"Baba, ka yi haƙuri, amma ba zan taɓa shi ba."

Auta ta faɗi haka tana durƙushe a gefen gado, murya ƙasa-ƙasa, kai kuwa a ɗage. Baba ya juyo da ɓarin fuskarsa mai motsi ya dube ta. Tun da ta yi wayo bai taɓa sa ta abu ta ce a'a ba sai yau.

"Cewa na yi ki ɗauko tsani ki cire min ɗan banzan nan." Maganar ta fito a karkace, kamar yadda take fitowa tun wata bakwai da ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Abin da suke magana a kai yana gabansu, a fuskar kwamfutar da ta ɗora masa a kan kujera. Sheƙa ce a bishiyar lemon da ke bayan tagarsa. Auta ta ɗaure 'yar kyamara a reshen da ke samanta, ta jawo waya ta taga, saboda binciken kammala karatunta na jami'a a kan tsuntsayen da ke zama cikin gidaje.

Mai sheƙar wata 'yar mitsitsiya ce, toka-toka, ba ta cika tafin hannu ba. Baba ne ya raɗa mata suna Tela, don shi ma shekararsa talatin da takwas a kan keken ɗinki. Likita ya ce ya riƙa tsintar ƙananan abubuwa da hannun da ya mutu, ya ƙi. Aka kawo maɓallai, ya watsar. Sai ranar da ya ga tsuntsuwar tana jan wani zare da ya maƙale a ƙarfen taga, ya ce a ɗauko masa gwangwanin guntayen zarensa. Daga ranar, kullum da safe sai ya yi ta fama, gumi na keto masa, har ya kama zare ɗaya da yatsu biyu ya kai bakin taga. Ja, shuɗi, ruwan ƙwai, duk ga su nan a jikin sheƙar.

"Dubi ɗinki, ko awo ba ta yi ba," yakan ce. "Duk waɗanda na koya wa aiki babu mai hannunta."

Tela ta yi ƙwai uku. Ran nan da rana tana wajen kiwo, wata babbar tsuntsuwa, irin waɗanda ba sa yin sheƙa, ta dira ta saki ƙwanta a ciki ta tashi. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Auta har tsalle ta yi a tsakar gida, don mutum sai ya shekara yana gadi bai kama wannan a kyamara ba. Baƙon ƙwan ne ya fara ƙyanƙyashewa, sauran suka biyo baya. Yau da safe kuma, a kan idon Baba, baƙon ya cusa kansa ƙarƙashin ɗaya daga cikin 'ya'yan Tela, ya goya shi, ya yi ta ja da baya har bakin sheƙa, ya jefo shi ƙasa.

"Ƙa'idar aikin ce, Baba. Mai lura ba ya sa hannu. In na cire shi, duk abin da na rubuta ya zama ƙarya. Shi ma fa bai san me yake yi ba, ko idonsa bai buɗe ba."

Umma, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da kofin magani, ta yi tsaki. "To Farfesa. Zaren da ubanki yake ba ta, shi ba sa hannu ba ne?"

"Wannan ita ta zo ta ɗauka da kanta, Umma."

"Kin ji ta ko? Komai da amsarsa. Tsuntsu ne fa, ba alƙali ba, babu wanda zai kai ƙararki. Ki cire shi ki ce da malamarki faɗuwa ya yi."

"Ni zan sani."

Ta tashi ta kai tsanin ɗakin ajiya ta kulle, ta ɗaure makullin a gefen zaninta. Ta san Umma da ciwon gwiwa ba za ta hau ba, amma ta fi so kowa ya san inda ta tsaya.

Kashegari na biyun ya faɗo. Baba ya ɗauki sandarsa da hannun hagu ya yi ta bugun ƙarfen taga yana kora, sai Tela ce ta firgita ta tashi, baƙon ko gezau. Auta ta fita ta tarar da ɗan tsuntsun a gindin lemo yana buɗe baki, tururuwa har sun fara zagaye shi. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta ce wa kanta ƙa'ida a kan sheƙa take, ba a kan ƙasa ba. Ta sa shi a kwalin ashana da auduga, ta riƙa ɗiga masa ruwa da tsinke. Kafin la'asar ya yi sanyi a hannunta. Ta duba agogo, ta rubuta lokacin.

Da yamma ta shiga auna wa Baba jini kamar kullum. Ta naɗa masa abin awon a dantse, ta jira, ta rubuta lambar a ƙaramin littafin da likita ya ce a ajiye. Baba yana kallon biron.

"Ni ma haka kike yi min, ko?"

"Me, Baba?"

"Ki kalla, ki rubuta lokaci."

Ta naɗe wayar awon a hankali ta mayar cikin jaka.

Na ukun ya ba baƙon wahala. Ya goya shi, ya zame. Ya sake goyawa, ya sake zamewa. Tela tana zuwa da tsutsa, ta tsallake ɗanta da ke reto a bakin sheƙa, ta zuba a bakin da ya fi faɗi. Baba bai ƙara ba da umarni ba. Cewa kawai ya yi, "Auta. Don Allah." Umma ta kau da kai. Auta tana tsaye a bayan kujera, makulli a damƙe a hannunta har ya yi mata shaida a tafi. Taku ashirin ne daga nan zuwa ɗakin ajiya, ta ƙirga su a ranta ya fi sau goma. Minti arba'in da biyu aka yi. Ba ta ɗauke ido ba, don ta ga in har ba za ta hana ba, to ba ta da ikon ƙin kallo.

Da ya faɗo, Baba ya ce a fitar da kwamfutar, a saki labule.

Baƙon ya girma ya cika sheƙar har zaren Baba ya fara tsinkewa a gefe. Ya ninka Tela sau uku, sai ta hau bayansa take iya kai masa abinci. Auta ta ɗauki wannan ma a kyamara, daga ɗakinta. Malamarta ta kalli bidiyon sau biyu, ta ce tun da take koyarwa ba ta ga aikin ɗalibi mai tsafta irin wannan ba. Auta ta yi godiya. Har yau ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma ba za ta ce ba.

Amma gwangwanin zaren yana ƙarƙashin gado, tun ranar ba a sake buɗe shi ba. Yatsu biyun da suka fara motsi sun koma sun lanƙwashe, likita ya ce da wuya su sake miƙewa. Kullum da yamma tana shiga ta gaishe shi, ya amsa, ya miƙo mata hannu ta auna, fuskarsa tana bango. Abin da a'ar nan tata ta ci ke nan: 'ya'yan Tela uku, da yatsun Baba, da sunan Auta a bakinsa. Yanzu in zai kira ta, sai ya ce da Umma, "Kira min yarinyar nan."