Idon Atika Mai Waina

Atika ta daɗe tana tuyar waina a bakin tashar Kudan, don haka da wani ɗan farin abu ya fito mata a gefen idon hagu, sai ta ɗora wa hayaƙi laifi. Mai kemis ya ba ta maganin ɗigawa, surukarta ta kawo kwalli. Abin da ya fara kamar ƙwayar gero, kafin damina ta wuce ya kai ƙwayar wake, jajayen jijiyoyi sun kewaye shi, har ya soma hawa kan baƙin idon.

Daga asibitin Maƙarfi aka tura ta Zariya. Mijinta Saminu yana tsakiyar saran rake, sai ƙawarta Sadiya, mai sayar da koko a gefenta, ta raka ta.

Bayan an ɗebi ɗan naman an auna, likitar ta zaunar da su.

"Baiwar Allah, wannan ba yana ba ce. Ciwon daji ne a siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido. Ya riga ya yi nisa, sai dai a cire idon." Ta ƙara da cewa: "Yawan zama a rana yana kawo shi. Amma yakan kama masu ƙanjamau, shi ya sa duk wanda ya zo da shi muke gwada jininsa."

Sadiya ta bar yara a gida, a ranar ta koma. Ba ta tsaya ta ji cewa jinin Atika lafiya lau yake ba. Tata mahaifiyar kaɗai ta faɗa wa maganar gwajin, tana kuka, don a taya su addu'a. Tsohuwar kuma ta nemi masu taya ta.

Da ramin idon ya warke, Atika ta sa baƙin tabarau ta koma tasha ta hura wuta. Direbobin da a da suke rige-rigen wainar farko suka riƙa ɗaga mata hannu daga nesa.

"Sannu Atika, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Sai su wuce wajen mai ƙosai. Matan unguwa suka daina aiko da kwanuka. Ƙullun yakan yi tsami a roba, da azahar ta juye wa awaki.

Ta tare Sadiya a bayan rumfa.

"Wallahi ban ce kina da shi ba," in ji Sadiya. "Cewa na yi an gwada ki."

"Da aka ce babu fa, wa kika faɗa wa?"

"Kowa. Sai su ce asirinki nake rufawa."

Atika ta daure, tunda a gida Saminu bai canza mata fuska ba. Shi ya riƙa wanke mata ciwon, shi ya hana ta ɗaukar ruwa. Tana ganin ko duk garin ya juya mata baya, tana da mutum guda.

Wata ranar kasuwar Ikara ya dawo da la'asar, fuskarsa a sake, riƙe da ƙunshin tsire.

"Maman Rumaisa, albishirinki. Na biya asibiti a can inda ba a san ni ba, an gwada ni. Ba ni da komai."

Ya zauna ta hagunta, sai da ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta gan shi.

"Malam, ai tun ina Zariya na gaya maka abin da likita ta ce."

"Kin gaya mini. To amma kin san zuciya, ga kuma maganar mutane." Ya turo mata naman. "Ci mana, da zafinsa."

Ta kira Rumaisa ta ba ta ƙunshin, ta ce su raba da ƙannenta. Saminu ya ci gaba da ba ta labarin yadda rake ya yi daraja a kasuwa. Ranar ba ta jiƙa shinkafar gobe ba, shi kuwa bai tambaya ba.