Firam Ɗaya Aka Haɗa

Tun daga yadda ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa na san da magana. Baban yara mutum ne da in ya dawo daga aiki sai maƙwabta sun ji, ya tsokani wannan ya zolayi wancan, ba banza abokan aikinsa ke ce masa Bakin Zuma ba. Ran nan kuwa ko sallamar a ciki ya yi ta. Ya zauna a hannun kujera, bai ko kwance agogo ba.

"Lafiya, maigida?" na ce.

"Manaja ya ce ranar Alhamis mu zo da kaya masu kyau. Mai hoto zai zo."

Na nemi wuri na zauna.

Wanda bai san kamfaninsu ba zai ce mene ne abin tashin hankali a hoto. Kujeru da gadaje da teburan ofis suke sayarwa, shi kuwa tun kafin mu haifi 'yarmu ta fari yake tsaye a wannan shago yana shawo kan masu saye. A lungun da ke tsakanin shagon da ofishin Manaja akwai wani bango da aka jera hotuna cikin firam, duk na tsofaffin ma'aikata. Manaja na kiransa bangon girmamawa, ma'aikata kuma suna ce masa bangon ban kwana. Shi Manajan ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, bakinsa ba ya iya ce wa mutum an sallame shi. Sai dai ya kira mai hoto a ɗauke ka ka yi kyau, kafin wata ya ƙare a yi ɗan taro da lemo da tafi, a rataye ka a bango, ka kama hanyar gida. Haka aka yi wa mai kula da sito, haka aka yi wa matar da ke amsa waya.

"Na ji ka ce 'mu'. Kai da wa?"

"Ni da Dogo."

Dogo shi ne abokin tsayuwarsa a shagon. Shekara da shekaru suna raba shayi a kofi ɗaya, yaranmu ma Kawu suke ce masa. Amma ciniki ya ja baya, mutane sun koma zaɓen kujera ta waya suna kwance a gadajensu, kowa kuma ya san masu sayarwa biyu sun yi wa shagon yawa.

"Wataƙila ku biyun ne," na ce, kamar wannan wani sauƙi ne.

Ya girgiza kai. "Na zagaya baya wurin kafinta. Firam ɗaya aka ce ya haɗa."

Mutum ɗaya tak ya taɓa tsallake wannan bango, direban motar kai kaya. Ranar nasa hoton yana fama da ciwon ido, ya fito ido a rufe baki a karkace. Manaja kuwa akwai son burga, ya ce ba za a ɓata masa bango da wannan ba, sai an sake. Mai hoto ya yi tafiya, aiki ya taso, magana ta bi ruwa. Direban nan har yau yana tuƙi. Tun daga lokacin duk ma'aikatan suka riƙe abu ɗaya a ransu: kyakkyawan hoto ne ke hawa bango.

Washegari da la'asar ina kwashe shanya sai ga Dogo, ya sunkuyo ta ƙofa kamar yadda ya saba, da wata leda doguwa rataye a hannu.

"Maman yara, ina babban yayan? Na zo mu gyara shi."

Ya zare kwat mai ruwan toka daga ledar, sabuwa dal, da farar shat da ko karin guga bai baje ba. Wai ta ƙanin matarsa ce, jikinsu ɗaya da baban yara. Ni dai na yi godiya da baki, amma idona na kan fuskarsa. Mutumin da ko biro ka ara sai ya biyo ka har gida, yau shi ne da kawo aron kwat? Na ce a raina da walakin, goro a miya.

"Yaya, ka saki ranka," in ji shi. "Wannan hoton ba na bango ba ne. Na ji Manaja a waya, shafi za su buɗe a intanet. Mai saye zai ga fuskar mutum, ya danna, ku yi magana yana kallonka kana nuna masa kaya. Don haka ake son hoto na sosai."

"To, madalla," in ji baban yara, yana murmushin da yake yi wa mai sayen da ya san ba zai saya ba.

Dogo ya ja shi tsakiyar falo ya sa masa kwat ɗin, ya shiga ba shi darasi. Wai ya kwana yana bincike. Kada a sa riga mai ƙananan zane, tana rawa a hoto. Kada a fuskanci kyamara gaba gaɗi kamar mai hoton fasfo, a ɗan juya kafaɗa. A turo haɓa gaba kaɗan a sauke ta, wuya ya fito. Tabarau kuma a ɗan sunkuyar da shi don kada ya haska fitila. Yana faɗa yana kama kafaɗunsa yana murɗawa kamar mai saita kujera a shago.

"Yanzu yi dariya, amma da ido. Tuna ranar da ka sayar wa mutumin nan gado alhali tebur ya zo nema."

Baban yara ya tuntsire da dariya, ta gaske, ya manta da komai. Rabon da in ga ya yi kyau haka tun muna sabon aure. Kuma kyan ne ya tsorata ni, don a take na gan shi cikin firam.

Dogo ya sha ruwa ya tafi. Ko ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba baban yara ya tuɓe kwat ɗin ya jefa a kujera.

"Kin gani ko?"

"Na gani."

"Kwalliyar rataya yake mini. Ya fi kowa sanin labarin direba, tare muka yi dariyarsa. Shi me ya ce zai sa?"

"Bai faɗa ba."

"Ai ba zai faɗa ba! Ni zan je kamar ango, shi ya zo a yamutse. Manaja ya duba ya ce wannan ne ya dace da bango." Ya yi ƙwafa. "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Raina bai kwanta gaba ɗaya ba. Na ce, "To in da gaskiyarsa fa? In da gaske shafin za a buɗe?"

"Shafin intanet ake sa wa firam ɗin katako?"

Na juya maganar, sai na ga kamar da gaskiyarsa. Na tuna kuma Dogo na da yara ƙanana, matarsa ba ta aiki, mutum kuwa in ruwa ya kai masa wuya ko ɗan'uwansa zai iya takawa. Na tuna yadda ya kauce wa idona lokacin da nake miƙa masa kofi. Ko kuwa agogon bango yake dubawa? Oho. A wannan makon komai na gani sai ya zame mini shaida.

Sai muka shiga shiri, amma a juye. Duk abin da Dogo ya hana shi muka nema. Na zazzage durowa har na ciro wata shat mai ƙananan zane, kore da ruwan ƙasa, wadda wuyanta ya gaji ya kwanta. Tuntuni na so in mayar da ita tsumman goge taga ya hana. Na ɗauko dutsen guga bisa sabo, ya riƙe hannuna.

"Ke kuma fa? So kike ki kashe ni?"

Aski ya ɗaga shi sai bayan Alhamis. Gemu ya bar shi ya yi tsiro, fari da baƙi kamar an watsa gishiri. Kullum ya dawo aiki sai ya tsaya gaban madubin ɗaki yana gwaji, ni ina zaune bakin gado ina alƙalanci. Ya fuskanci madubin gaba gaɗi, ya maƙe haɓa har wuyansa ya ninku, ya ɗaga tabarau, ya saki kafaɗa ɗaya.

"Yaya kika gani?"

"Har yanzu da sauran kyanka. Ɗaure fuska."

Ya ɗaure.

"Kai, ba haka ba, wannan ai ka zama mai kwarjini. Yi kamar an ce maka surukarka za ta zo ta yi wata."

"Allah ya ba Mama haƙuri," ya ce, ya saki fuska ta zube. Muka yi dariya har da hawaye. Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Abin da ciwo, ka ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana goge takalmi kafin ya fita yana koyon yadda zai muzanta kansa don ya ci gaba da ciyar da gidansa.

Ana gobe hoton Dogo ya bugo waya yana tambaya ko kwat ɗin ta zauna daidai, ko a kai wa tela ya rage hannu. Baban yara ya ce ta zauna ɗas, yana kashe mini ido. Da ya ajiye wayar ya ce, "Kin ji yadda ya damu? Tun da muke ya taɓa tambayar hannun rigata?"

Ranar Alhamis ya fita da shat ɗinsa mai zane, na bi shi da addu'a. Da yamma ya dawo da hayaniyarsa ta da, tun daga bakin titi nake jin muryarsa.

Ya ba ni labari yana tsaye yana kwaikwayo. An ture gadaje gefe, an kafa farin yadi da fitilu masu lema. Mai hoton wata mata ce mai haƙuri, ta yi ta lallashi: "Baba, ɗan juya kafaɗa. Baba, ɗago haɓa. Baba, ko ɗan murmushi." Shi kuwa ya kafe kamar an dasa shi. Har ta ce ko za a aro masa riga a wurin wani, ya ce wannan ce rigar sa'arsa.

"Dogo fa?" na ce.

"Ya zo da shuɗiyar kwat. Da aski."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi."

"To ba ka ce a yamutse zai zo ba?"

"Wayo ne. Ya san zan gane, shi ya sa ya canza dabara." Ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a kan tebur. "Da ya gan ni ma sai ya ja ni bayan sito, wai me na yi wa kaina haka, wai in karɓi tasa kwat ɗin in sa. Har idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa na gode."

Na shiga kicin na tsaya gaban tukunya, na rasa me na zo ɗauka.

Kwanaki suka wuce shiru. Baban yara ya yi aski, ya koma goge takalmi, kullum yana kawo rahoton cewa firam na nan jingine a wurin kafinta babu kowa a ciki. Shi da Dogo sai gaisuwa daga nesa. Na ninke kwat ɗin aro na ba shi ya mayar, ya ce a kan tebur ya ajiye masa.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ya dawo, ina tsakiyar wanki. Ban ji sallama ba, inuwarsa kawai na gani a kan bahon. Na miƙe hannuna duk kumfa.

"Manaja ya kira mu ofis," ya ce. "Mu biyu."

Ya zauna a kan bokitin da na kife. Muryarsa ba ta rawa, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali.

"Shafin gaskiya ne. Sun buɗe. Mutum ɗaya za a sa a kai, shi zai riƙe shagon. Firam ɗin na wanda ya rage ne."

"To sai a sake maka hoton! Ai an taɓa cewa a sake wa direba…"

"Dogo ya roƙa. Ya ce shi zai nemo mai hoton da kansa. Manaja ya ce mai kamfani ya riga ya gani." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kin san Manaja, ba ya iya faɗa da bakinsa. Sai ya juyo da kwamfuta wajena, ga hotunan nan biyu a jere. Ya ce, 'Bakin Zuma, kai ne ka fi kowa sanin mai saye a gidan nan. In kai ne za ka sayi kujera, wa za ka danna?'"

Na ji kamar in je in shaƙe Manajan nan. "Ba ka ce masa kai ba? Ba ka ce hoto ba ya sayar da kujera ba? Kai da bakinka ya fi na kowa?"

"Na duba mutumin da ke cikin rigar zanen nan, maman yara. Na daɗe ina dubansa. Ko hanya ba zan tambaye shi ba."

"Sai ka ce me?"

"Ban ce komai ba. Na ɗaga hannu na nuna Dogo."

Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.