Jirgin da Goulven Ya Sassaƙa

"Namu ne! Kada ka kunna!"

Tsoho Goulven ya riƙe hannun sojan da ke shirin sa wa igwar bakin gaɓa wuta. Katell, maƙwabciyarsa, ta dire kwandon kifinta ta matso. Shekara biyu ke nan da Turawan Ingila suka kame wannan ƙaramin jirgin yaƙi, da ɗansa Tangi a ciki, sai ga shi yau da hantsi yana shigowa da tutar Faransa.

"Baba, ka tabbata?" in ji sojan.

"Tafi can. Kana zanin goyo na sassaƙa ƙirjinsa da hannuna. Yaranmu ne suka ƙwato abinsu."

Gaskiyarsa, jirgin ne, kafinta ba ya mance aikinsa. Ya faɗa kwalekwale jiki na rawa, kai ka ce ango.

"Goulven, dakata," in ji Katell. "Ba mai ɗaga mana hannu. Tangi da bakinsa ba ya rufuwa ne zai ga gida ya yi shiru?"

"Ke dai don naki mijin teku ta cinye. Je ki ɗora mana tukunya."

Maganar ta yi mata zafi.

Ya kai tsakiyar ruwa ke nan aka sauke tutar, ta Ingila ta hau. Igwa takwas suka tashi lokaci guda. Sojan nan ya rabu biyu a kan igwarsa. Wani dutsen bango ya fasa kan wani mai sayar da gishiri a gaban Katell, jinin ya wanke mata fuska. Jiragen masunta suka kama da wuta, mata na tattaka juna a kan tsanin hawa gaɓa. Jirgin ya gama ɓarnarsa ya juya abinsa.

A kan ƙyauren ƙofa aka kawo Goulven gida, tsinken katako kamar tabarya ya huda masa ciki. Katell ta danne wurin da mayafinta, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunta.

"Kin ga Tangi?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa. "Jajayen rigunan sojan Ingila kawai na gani."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, hawaye na shiga kunnensa.

"Ni na ce kada a kunna," ya ce.

Daga nan ya cika. Da ta rufe masa ido ta fito, ta tarar da takalmansa na katako a bakin ƙofa, cike da ruwan teku. Ta zubar, ta kife su a rana.